Tambaya da Amsa: Kallon Tsuntsaye da Dabbobin Ruwa a Gaɓar Teku

Wasiƙun da suka taru a wannan karo yawancinsu sun karkata ne ga tafiya gaɓar teku don kallon tsuntsaye da sauran halittun da ke zaune tsakanin ruwa da tudu. Na zaɓi guda bakwai, na taƙaita waɗanda suka yi tsawo, na kuma haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara na je bakin teku karo na farko, a wani wuri da aka ce mini tsuntsaye suna taruwa dubbai. Na isa da hantsi, na yi kusan awa biyu a tsaye, amma ban ga komai ba sai filin taɓo iya ganin ido, da wasu ɗigo-ɗigo can nesa waɗanda aka ce mini su ne tsuntsayen. Shin lokacin shekara na kuskure, ko kuwa zuzuta mini wurin aka yi? Ina da niyyar komawa bana.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba a yi maka ƙarya ba, kuma mai yiwuwa watan da ka je daidai ne. Abin da ka kuskure shi ne sa'a, domin ka isa ne bayan ruwa ya janye.

Ruwan teku yana cika yana janyewa saboda jan da wata da rana suke yi masa, kuma na wata ya fi ƙarfi. A yawancin gaɓoɓi ruwa yakan cika sau biyu ya janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50, shi ya sa cikar yau takan zo a makare da kimanin minti 50 idan aka gwada ta da ta jiya. Su kuwa tsuntsayen da kake nema, bakin ruwan suke bi, domin a nan ne taɓo yake da laushi, tsutsotsi da ƙananan katantanwa da ƙaguwa suna kusa da sama. Idan ruwa ya ja baya da kilomita biyu ko uku, su ma can suke tafiya. Duk wanda ya bi su cikin taɓo zai sha wahala a banza, domin kafin ya isa sun matsa gaba.

Abin yi shi ne ka isa awa biyu ko uku kafin ruwa ya gama cika, ka sami wuri busasshe a kan tudu ko bayan wani dutse, ka zauna, ka daina motsi. Ruwan ne zai koro maka su. Na tuna wata safiya da na zauna haka: da farko layi ne kawai siriri mai duhu a can ƙarshen taɓo, bayan rabin awa layin ya rabu ya zama tsuntsaye ɗaiɗai, bayan wata awa kuma sai ga ɗaya yana jan tsutsa daga cikin laka a gabana, tazarar da ke tsakaninmu ba ta wuce taku ashirin ba, yana ja a hankali don kada ta tsinke, sa'annan ya je ya ɗauraye ta a ruwa kafin ya haɗiye. Ban tashi daga inda nake ba ko sau ɗaya.

Ka kula da kwanan wata ma. A farkon wata da kuma tsakiyarsa, lokacin da farin wata ya cika, jan wata da na rana suna haɗuwa a layi ɗaya, sai ruwa ya hau sosai ya kuma janye sosai. A irin waɗannan kwanaki ne tsuntsaye suke matsowa kusa ƙwarai. A wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa, cikar ba ta da ƙarfi, kuma tana iya barinsu nesa duk yini. Kowace gaɓa tana da jadawalin cikar ruwanta, ana samunsa a tashoshin jiragen ruwa da intanet, kuma shi ya kamata ka fara dubawa kafin ka tsayar da ranar tafiya. Sa'annan ka sa rana a bayanka: gaɓar da ke fuskantar yamma da safe ake kallonta, wadda ke fuskantar gabas kuma da yamma, in ba haka ba inuwar tsuntsu kawai za ka gani. Game da lokacin shekara, a gaɓoɓin Afirka baƙin tsuntsayen arewa suna fara isowa daga wajen Satumba, su yi yawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, su tashi a Maris da Afrilu.

Jadawalin nan kuma tsaron ranka ne. Ruwa ba ya dawowa ta gaba kawai, yakan bi ƙananan kwaruruka ya zagayo ta bayan mutum ya datse masa hanya tun bai ankara ba. A mashigin Fandi na Kanada bambancin cika da janyewa yana kaiwa mita 16, amma ko inda bai wuce mita biyu ba, a fili shimfiɗaɗɗe ruwa yana gudu fiye da mutumin da ƙafarsa ke nutsewa a laka.

Tambaya: Malam, wane irin madubin hangen nesa ya dace da mai fara wannan harka? Na ga lambobi a jikinsu kamar 8x42 da 12x50, kuma ina ganin mai babbar lamba ya fi.

Amsa: Lamba ta farko ita ce yawan kusantowa, wato mai 8 yana nuna maka abu kamar ka rage tazarar sau takwas. Ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, kuma shi ke nuna yawan hasken da ke shiga. Babbar lamba tana da nata cikas: yadda take ƙara girman tsuntsu haka take ƙara girman rawar hannunka, tana kuma rage faɗin filin da kake gani, har tsuntsu ya tashi ka kasa sake gano shi. A bakin teku inda iska ba ta tsayawa, ni 8x42 nake ba mai farawa shawara ya riƙe, ko 10x42 ga wanda hannunsa ba ya rawa. Abin da ya wuce haka sai da matokari mai ƙafa uku, kuma a nan ne babban madubi mai ido ɗaya, wanda ke kusantowa sau 20 zuwa 60, yake da amfani, ko da yake da rana tsaka kawalwalniya takan ɓata hoton komai kyan madubin.

Ka nemi wanda ruwa ba ya shiga cikinsa. Gishirin da iska ke ɗaukowa da ƙwayar yashi su ne ke kashe gilashi, saboda haka ka hure ƙurar tukuna kafin ka goge da ƙyalle mai laushi. Goge shi da bakin riga alhali yashi na kai, kartar sa kake yi. Idan ka hango tsuntsu kada ka ɗauke ido daga kansa, ka ɗago madubin ya tarar da idonka. Kada ka kuskura ka kalli rana da shi.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce. Na san zalɓe da balbela da kwasakwasa idan na gan su, amma ƙananan tsuntsayen nan masu launin toka da ke yawo a bakin ruwa, duk iri ɗaya nake ganinsu. Ta yaya ake bambanta su, kuma daga ina suke fitowa?

Amsa: 'Yata, ba ke kaɗai ba ce, kuma akwai dalili. Yawancinsu a lokacin da suke baƙunci a ƙasashe masu zafi sun riga sun zubar da gashin ado na lokacin aure, sun sa na toka-toka. Saboda haka ki bar launi a ƙarshe, ki fara da baki, da tsawon ƙafa, da yadda tsuntsu yake neman abinci.

Bakin kowane ɗaya ya dace da zurfin abin da yake ci, kuma wannan ne ya sa dubbai suke kiwo a fili guda ba tare da sun ƙwace wa juna ba. Akwai babba mai dogon baki lanƙwasasshe zuwa ƙasa, wanda ke zura shi cikin ramin ƙaguwa ko na tsutsa. Akwai godwit, mai dogon baki da ya ɗan karkata sama, wanda ke caka shi har gindi. Akwai masu gajeren baki da manyan idanu, dangin zakaran ƙeƙuwa, waɗanda da ido suke farauta: su ruga, su tsaya cak, su cafka, su sake rugawa. Sandalin, ɗan ƙarami fari-fari, shi kuma raƙumin ruwa yake bi a kan yashi, idan ruwa ya koma ya bi shi da gudu, idan ya dawo ya tsere masa, ƙafafunsa ba a ma ganinsu don sauri. Wani kuma gajere kakkaura mai jajayen ƙafafu sana'arsa kifar da tsakuwa da ciyawar ruwa don ya ga abin da ke ƙasa, har sunansa a littattafai yana nufin mai juya duwatsu. Ki riƙa sauraro kuma, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma sau da yawa kuka ne ke raba biyun da ido ya kasa rabawa. Idan kin koyi biyar a tafiya ɗaya kin yi ƙoƙari. Ki rubuta ko ki zana abin da kika gani tun kafin ki buɗe littafi, don kada hoton littafin ya shafe wanda ke idonki.

Batun inda suke fitowa shi ne ya fi ba ni mamaki har yau. Da yawa daga cikinsu a can ƙarshen arewacin duniya suke yin ƙwai, a Saberiya da Girinland da arewacin Kanada, cikin 'yan makonnin da ƙanƙara ke narkewa ƙwari su yi yawa. Daga nan sai su bi gaɓar Tekun Atilantika zuwa kudu, su yada zango a tekun Wadin da ke tsakanin Holan da Jamus da Denmak, inda tsuntsaye miliyan 10 zuwa 12 ke ratsawa a shekara, sa'annan su wuce zuwa Bank Dargin a Muritaniya, gandun da aka kafa a 1976, wanda ke karɓar kimanin miliyan biyu, wasu kuma su zarce tsibiran Bijagos na Gini Bisau, har zuwa Afirka ta Kudu. A 2022 wani ɗan godwit mai watanni biyar da aka maƙala wa na'ura ya tashi daga Alaska ya sauka a Tasmaniya, kilomita 13,560 cikin kwana 11 ba tare da ya sauka ko sau ɗaya ba. Ita kuwa wata farar tsuntsuwa mai wutsiya reshe biyu, bari mu kira ta tsattsewar teku, wadda nauyinta bai fi giram 100 da 'yan kai ba, binciken da aka buga a 2010 ya nuna tana cin kimanin kilomita 70,000 a shekara tsakanin ƙarshen arewa da ƙarshen kudu.

Tambaya: Malam, mun sami saɓani da abokin tafiyata. Mun tarar da garken tsuntsaye suna hutawa a kan wani tsibirin yashi, sai ya ruga yana tafa hannu don su tashi ya ɗauki hoto. Na ce masa bai kyauta ba, ya ce ai tsuntsu don tashi aka yi shi, kuma sun dawo sun sauka. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Kai ke da gaskiya, Malam, kuma amsar da ta gabata ta riga ta nuna dalili. Tsuntsun da zai ƙetare teku kitsen jikinsa ne guzurinsa; godwit kafin ya tashi daga Alaska kusan rabin nauyinsa kitse ne. Lokacin kiwonsa kuma ruwa ne ke yanka masa shi, domin idan ruwa ya rufe taɓo babu abinci sai ya janye. Garken da kuka tarar a kan yashi suna jiran janyewar ruwa ne, kuma ba su da wani wurin zuwa. Tashi ɗaya ba ya kashe tsuntsu, wannan haka yake, sai dai abokinka ba shi kaɗai ba ne ya bi ta wurin a ranar. Ga mai kare, ga mai kwalekwale, ga mai ɗan jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi, wanda tsuntsaye ke ɗauka shaho ne. Kowa ya ɗebi kaɗan daga guzurin.

Tsuntsu yakan faɗa maka idan ka matso da yawa. Zai daina kiwo, ya miƙa wuya, ya fara takawa yana nisantarka, ko ya yi kukan gargaɗi. Da zarar ka ga haka sai ka tsaya, ka ja da baya. Wanda ya fi wannan muni shi ne lokacin ƙwai, domin tsuntsayen yashi ba sa gina sheƙa, ɗan gurbi kawai suke tonawa su zuba ƙwai masu launin tsakuwa, har mutum ya taka bai sani ba. Idan ka ga tsuntsuwa tana jan fiffike a ƙasa kamar ta karye, lafiyarta ƙalau, jan hankalinka take yi daga ƙwanta ko 'ya'yanta, kuma duk mintin da ta yi ba ta kansu, rana tana dafa su ko hankaka ya ɗauke. Ka bar wurin ta hanyar da ka zo, ka bi jiƙaƙƙen yashi na kusa da ruwa. Hoton da abokinka yake so kuwa, da ya jira, garken yakan tashi da kansa idan ruwa ya fara janyewa ko shaho ya gifta.

Tambaya: Malam, ni uwa ce, kuma yarana suna son ganin kunkurun teku yana yin ƙwai. An ce da dare ake gani. Me ya kamata mu kiyaye?

Amsa: Hajiya, abu na farko shi ne ku je da ɗan jagora na masu kula da wurin, na biyu kuma shi ne haske. Kunkurun teku iri bakwai ne a duniya, kuma macen ce ke fitowa tudu don yin ƙwai, galibi da dare. Takan jawo jiki har sama da iyakar ruwa, ta share wuri da hannuwan gaba, ta tona rami mai zurfi da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai kimanin 100 masu laushin ɓawo, ta rufe, ta watsa yashi don ɓad da sawu, ta koma. Aikin yakan ci awa ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye. Kafin ta fara zuba ƙwan tana da tsoro ƙwarai, tocila ɗaya ko hayaniya ta isa ta sa ta juya teku ba ta yi ba. Don haka ku tsaya nesa, ku yi shiru, sai ɗan jagora ya ce ku matso, kuma ta bayanta, da jar fitila maras ƙarfi, ba walƙiyar kyamara. Yara za su ga kamar hawaye a idonta su ce kuka take yi. Gishirin da ya yi mata yawa a jiki ne take fitarwa.

Ƙwan yakan yi kimanin wata biyu a cikin yashi, kuma zafin yashin ne ke raba jinsi: idan ya haura digiri 29 mata sun fi yawa, idan ya yi ƙasa maza. 'Ya'yan suna fitowa da dare su nufi inda sarari ya fi haske, wanda a gaɓar da babu fitilu shi ne saman teku. Fitilar gida ko ta mota ko ta waya tana juya su zuwa tudu su halaka. Ki gargaɗi yara kada su ɗauke su don taimako, su dai cike ramukan da suka tona da rana, su rushe gine-ginen yashinsu kafin su tashi. Lokaci ya danganta da wuri: a Gabon, wadda ke cikin manyan wuraren da kunkuru mai fatar baya, mafi girma a cikinsu, ke yin ƙwai, an fi gani daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a tsibirin Boa Bista na Kef Bad kuwa daga Yuni zuwa Oktoba.

Tambaya: Malam, ina son shiga jirgin ruwa don ganin kifin wel da dolfin, amma jiri yana kama ni ko a mota. Akwai dabara?

Amsa: Da farko, su biyun ba kifaye ba ne ko da yake haka bakinmu ya saba, da huhu suke numfashi, suna haihuwa suna shayarwa, kuma wutsiyarsu a kwance take tana kaɗawa sama da ƙasa, ta kifi kuwa a tsaye take. Abin da ake gani yana tashi kamar hayaƙi numfashi ne mai ɗumi da ya haɗu da iska mai sanyi, kuma shi ake fara nema a saman ruwa, tare da wurin da tsuntsaye suka taru suna faɗawa ruwa, domin inda kifi ya taru a nan dolfin yake. Wel mai doro yakan bar ruwan sanyi na ƙarshen kudu ya zo haihuwa a ruwan Gabon da Mozambik da Madagaska daga wajen Yuli zuwa Satumba.

Jirin yana zuwa ne saboda cikin kunne yana jin motsi alhali ido yana ganin ɗakin jirgi a tsaye. Ka zauna a tsakiyar jirgi inda tangaɗi ya fi sauƙi, a sarari inda iska ke kaɗawa, ka kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa, ka bar waya da madubin hangen nesa sai an ga wani abu. Akwai magungunan da ake sha kafin a shiga, amma suna sa barci, sai ka tuntuɓi likita. Ka sa rigar kariya. Ka kuma tambayi matuƙi tazarar da yake bari: a Amurka ana umartar jirage da su tsaya aƙalla yadi 100 daga wel, a Afirka ta Kudu kuma mita 300 ga wanda ba shi da izini na musamman. Matuƙin da ya yi maka alkawarin za ka taɓa shi da hannu, ni ba zan shiga jirginsa ba. Idan jirin ya gagara, a garin Hamanus na Afirka ta Kudu daga kan duwatsun gaɓa ake kallon wel, musamman a Satumba da Oktoba.

Tambaya: Malam, na taɓa tsintar mataccen tsuntsu a bakin teku da zoben ƙarfe a ƙafarsa. Na wane ne, kuma me ya kamata in yi?

Amsa: Masu bincike ne suka sa masa. Wani malamin makaranta a Denmak mai suna Mortensen ya fara wannan aiki a 1899, kuma da shi aka gano yawancin hanyoyin ƙaurar da na ambata. Kowane zobe yana da lamba da sunan cibiyar da ta sa shi. Ka ɗauki hoton lambar, ka rubuta rana da wurin, ka aika wa cibiyar ta shafinta na intanet, galibi za su amsa maka da inda aka kama tsuntsun da shekarar. Rayayyen tsuntsu mai zobba masu launi kuwa, da madubi ake karanta su, ƙafar hagu sa'annan ta dama, daga sama zuwa ƙasa. Sauran abin da ka gani a tafiyar kana iya shigar da shi a eBird, rumbun bayanan tsuntsaye na intanet da Jami'ar Cornell ta buɗe a 2002.

Sai dai kada ka taɓa gawar da hannu tsirara, saboda murar tsuntsaye. A Janairun 2021 ta kashe kwasakwasa kimanin 750 a gandun Juj na Senegal. Idan ka tarar da matattu da yawa a wuri ɗaya, ko wani yana layi yana kasa tashi, ka hana yara da karnuka matsawa, ka sanar da ma'aikatan gandun ko likitocin dabbobi mafi kusa, ka kuma wanke takalmanka kafin ka shiga inda ake kiwon kaji.